Ƙaramin Batirin Manyan Motoci: Abin da Ya Kamata Mai Saye da Mai Sayarwa Su Sani

Jawabin da aka gabatar a madadin ɓangaren masu harkar motoci da kayan gyara, a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya



 

An ba ɓangarenmu na masu motoci ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da zai amfani jama'a. Mun zauna mun duba ƙorafe-ƙorafen da ke yawan tasowa tsakanin mai sayar da mota da mai saye, sai muka ga akwai abu ɗaya da ke ta maimaituwa, kuma abin bai fi tafin hannu girma ba. Shi ne ƙaramin batir na biyu da ke ɓoye a cikin manyan motoci, musamman Marsandi. Ko wanda ba ya sayar da mota a cikinmu, yana hawa, ko yana da niyyar saye, ko an taɓa ba shi saƙon ya sayo wa wani. Don haka maganar ta shafi kowa.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. An sayar da mota mai tsada, an yi musabaha, mai saye ya tafi da ita Maraɗi ko Damagaram ko Yamai yana murna. Bayan kwana biyu ko uku sai wani rubutu ya fito masa a dashbod. In motar daga Amurka ta fito, zai ga an rubuta Auxiliary Battery Malfunction. In daga Jamus ne, zai ga Backup Batterie Störung. Ma'anarsa ɗaya: batirin taimako ya samu matsala. Sai ya kira wanda ya sayar masa cikin fushi, shi kuma ya ce ai sabon batir ya saka kafin ya ba shi mota. Kuma gaskiya ya faɗa. Babban batir ya canza, bai san akwai na biyu ba. Daga nan sai rantse-rantse, sai a kawo ƙara gaban shugabanni, wani lokaci har hulɗar shekaru ta lalace.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aka saka batir na biyu.

Motar da muka saba da ita, kamar Corolla ko Hilux, batir ɗaya gare ta. Yana tayar da inji, daga nan dinamo ya karɓi aiki. Giya da birki duk ƙarfe da waya da ruwan birki ne ke tafiyar da su. Manyan motocin da aka ƙera daga wajen shekara ta 2002 zuwa yau sun bar wannan tsari. Akwai kwamfutoci da yawa a cikinsu, kuma an ɗora wa lantarki ayyukan da a da hannu da ƙafa ke yi. Wanda ya ƙera motar ya san babban batir yana iya gazawa, shi ya sa ya ajiye ƙarami a gefe domin ya riƙe muhimmin aiki idan hakan ta faru. Aikin da yake riƙewa ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. Iri huɗu ne muka fi gani a hanyoyinmu.

Na farko shi ne na birki. Marsandi E-Class da ake kira W211, waɗanda aka ƙera daga 2002 zuwa 2006, suna da birki mai aiki da lantarki da ake kira SBC. In ka taka birki, kwamfuta ce ke auna takunka, famfon lantarki ya tura ruwan birki zuwa tayoyi. Babban batirin wannan mota yana cikin but, ƙaramin kuma, mai 12Ah, yana ƙarƙashin bonet, ko kapo kamar yadda muke cewa a Nijar, kusa da gilashin gaba. Idan wuta ta ɗauke wa wannan birki gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne ƙarfin ƙafarka a kan tayoyin gaba kaɗai, mota kuma za ta yi nisa sosai kafin ta tsaya. Kamfanin da kansa ya kira motoci kusan miliyan 1.3 a 2005 domin duba lantarkinsu da birkinsu, kuma a 2006 ya cire SBC daga wannan samfuri. Amma waɗanda aka riga aka ƙera suna nan suna yawo a garuruwanmu. Duk mai irin wannan mota da ya ga jan rubutu da hoton batir, kada ya kama doguwar hanya sai an duba.

Na biyu shi ne na giya. Motocin da giyarsu ke jikin sitiyari, ɗan sanda ne kawai da ake taɓawa sama ko ƙasa, ba su da wayar ƙarfe tsakanin hannun direba da akwatin giya. Saƙon lantarki ne ke tafiya. Irin su ML da GL da aka fara a 2005 da 2006, da E-Class W212 da ta fito a 2009. A cikinsu akwai ɗan batir mai 1.2Ah, wanda za ka iya sakawa a aljihun riga. A ML da GL yana ƙarƙashin kujerar fasinja ta gaba, kusa da babban batir. A W212 yana cikin dashbod ta ɓangaren direba. Aikinsa shi ne ya ba motar ikon shiga P, ta kulle kanta kada ta gangara, idan babban batir ya mutu.

Na uku shi ne na motocin da ke kashe injinsu da kansu in an tsaya a danja ko cunkoso, su tayar in an saki birki. A dashbod ana ganin alamar ECO. Duk lokacin da inji zai tashi, sitata tana jan wuta mai yawa, ƙarfin lantarki ya faɗi na ɗan lokaci. Batirin taimako, wanda galibi 12Ah ne kuma yana cikin but, shi ke riƙe rediyo da fitilu da kwamfutoci a wannan daƙiƙar kada su mutu su sake tashi. Za ku same shi a C-Class da GLK da E-Class na bayan 2012 da yawa. Volvo da Jaguar da Range Rover da Jeep Grand Cherokee masu wannan tsari su ma suna da nasu.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ɓata wa masu gyara lokaci. A C-Class W205, wadda aka fara a 2014, da yawa ba su da batir na biyu ko kaɗan. Wani ɗan akwati ne mai tara wuta a ɓangaren ƙafar fasinja yake yin aikin, amma in ya lalace rubutun da ke fitowa iri ɗaya ne. Mun ga inda aka kwance but da kujeru ana neman batirin da babu shi. Shi ya sa kafin a taɓa noti ɗaya, a ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a duba ainihin abin da aka saka wa wannan motar.

Akwai kuma masu kawo Lexus da Toyota masu haɗa fetur da lantarki, kamar RX 450h da Prius. A wurinsu, abin da littafin mota ke kira batirin taimako shi ne batirin 12V na yau da kullum. In ya mutu, motar ba za ta nuna READY ba, ko da babban batirinta cike yake. Kuma duk wayar da kuka gani mai ruwan lemo a irin wannan mota, wuta ce mai ƙarfin ɗaruruwan bolt wadda ke iya kashe mutum. Kada yaro ya kai hannu wurin.

To me ya sa wannan matsala ta fi addabar mu fiye da waɗanda suka hau motocin a Turai da Amurka? Dalili uku ne, kuma duka ukun suna cikin sana'armu.

Na farko, shekaru. Batirin dalma yakan yi shekara huɗu zuwa shida a ƙasashen sanyi. Motar da muke saye ta riga ta yi shekara takwas ko goma ko fiye. Mai ita na farko wataƙila ya canza babban batir sau ɗaya ko biyu, amma ƙaramin sau da yawa shi ne wanda aka fito da shi daga kamfani.

Na biyu, zama. Ku lissafa kwanakin da mota ke yi ba ta tafiya. Ta zauna a filin gwanjo, ta zauna a tashar jirgin ruwa ta Antwap ko ta Baltimo, ta yi makonni a kan teku, ta sauka Kwatano ko Lome ko Tema ko Duwala, ta jira takardun duwan, ta koma filin ajiye motoci tana jiran mai saye. Duk wannan lokaci kwamfutocinta suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Batirin dalma kuwa in ya zauna babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantansa na ciki, kuma in ya daɗe ba ya narkewa ko an yi caji. Kowa a nan ya tuna yadda kaya suka tsaya lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Kowa ya tuna layin motoci a Malanbil bayan Yuli 2023, da yadda kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, ana jiran ayari da rakiya. Duk ƙarin mako da mota ta yi a tsaye, batiranta biyu ne ke biyan kuɗinsa.

Na uku, zafi. Masu ƙera batir suna auna rayuwarsa a kan digiri 25, kuma lissafinsu shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rayuwar da kusan rabi. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, daga Ƙonni har Kusiri da Injamena. Baƙar mota da aka rufe gilasanta a tsakar rana, cikinta ya fi haka nesa. Batirin da ya iso da sauran numfashi, bazara ɗaya ta ishe shi.

Yanzu sai tambayar da aka fi yi mana: in rubutun ya fito, ana iya ci gaba da tafiya? Amsar ta danganta da irin motar. In mai birkin SBC ce, a tsaya a duba tukuna. In ta giya ce ko ta ECO, mota za ta tashi ta yi tafiya lafiya. Abin da za ka lura shi ne ta daina kashe kanta a danja, wani lokaci kuma ta daina riƙe birki da kanta. Wannan ne ke sa mutane su yi watanni suna danna rubutun ya ɓace. Amma ka sani kana tafiya ne ba tare da madogara ba. Ranar da babban batir ko dinamo ya gaza, a ranar ne za ka nemi ƙaramin. Kuma sau da yawa rubutun nan allura ce mai tono garma, domin babban batirin ne ya fara rauni, ko dinamo ba ya caji daidai, ƙaramin ya riga kowa kuka.

Saboda haka ga tsarin dubawa da muke ba da shawara, kuma a bi shi a jere.

A fara da babban batir. A kashe mota, a bar ta ta huta na wasu sa'o'i, a auna da mita. Batir mai lafiya kuma cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. In ya yi ƙasa da 12, kusan babu komai a ciki. Amma mita kaɗai ba ta isa ba, domin batir yana iya nuna lamba mai kyau ya durƙushe da zarar an ɗora masa nauyi. A gwada shi da na'urar gwajin batir mai auna ƙarfin tayar da inji. Daga nan a tayar da mota a auna caji, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 13.5 da 14.8. A sababbin motoci lambar tana hawa tana sauka saboda kwamfuta ce ke juya dinamo, wannan ba ciwo ba ne.

In babban batir da dinamo lafiya suke, sai a je ga ƙaramin. A auna shi a kashe, a auna shi inji yana aiki. In lambar ba ta ƙaru ba bayan an tayar da mota an ɗan jira, to wataƙila caji ba ya isa gare shi, sai a duba fis da rile da ke kan hanyarsa. Wanda ya saka sabon batir alhali fis ya ƙone, bayan 'yan makonni sabon ma zai mutu, ya ce an sayar masa da jabu.

Yayin da ake wannan duba, a lura da alamar ruwa. Motoci da yawa da ke fitowa daga gwanjon Amurka ambaliya ta taɓa cinye su. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubun-dubatar motoci a jihar Texas. A ML da GL, akwatin batir yana ƙasan kujera, wurin da ruwa ke fara taruwa. In ka buɗe ka ga busasshen laka, ko tsatsa a kan notina, ko koren gari a bakin wayoyi, to matsalar ta fi batir, kuma farashin motar ya kamata ya canza.

Daga ƙarshe a jona kwamfutar duba mota. Ƙananan nan masu araha inji kawai suke karantawa. Ana buƙatar wadda ke shiga duk sassan motar, kamar Xentry ga Marsandi, ko wata babba mai irin wannan ƙarfi.

In an tabbatar batirin ne, canza shi ba wuya. Abubuwa biyar za a daidaita da tsohon: bolt, Ah, girma, ɓangaren da kawunansa suke, da irinsa. Waɗannan ƙananan batira rufaffu ne, irin da ake rubuta AGM a jikinsu, ba a zuba musu ruwa. Mun san akwai masu ɗauko batirin babur mai ruwa su cusa a wurin, tunda girman ya yi kusa. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in ana cajinsa, yana kuma zubar da asid in mota ta shiga gargada, ga shi a cikin but ko ƙarƙashin kujera kusa da wayoyi. Araha ba ta ado. In tsohon yana da ɗan bututun fitar da iska, a mayar da shi a jikin sabon. A duba ranar da aka ƙera sabon, a auna shi tun a shago, in bai kai 12.5 ba ya daɗe a kan kanta. Wurin kwancewa, a kashe mota, a nisantar da makulli, a fara cire kan da ke da alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Bayan an gama, wasu motocin suna goge rubutun da kansu bayan 'yar tafiya, wasu sai an goge da kwamfuta. Masu BMW da Audi su sani cewa in an canza babban batir sai an shaida wa kwamfutar motar, in ba haka ba za ta ci gaba da caji kamar tsohon ne a ciki, ta gajiyar da sabon.

Ina roƙon iyayen gida su isar da sashen da zan faɗa yanzu ga direbobinsu da yaransu, domin a nan ne ƙaramar asara ke zama babba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kada a tayar da ƙaramar mota da wutar tirela. Manyan motocin kaya, DAF ne ko Renault ko Howo, bolt 24 suke amfani da shi. A bakin iyaka, inda tireloli suka fi komai yawa, yaro yana ganin taimako ne aka yi masa. Minti ɗaya ya isa a ƙone kwamfutocin da kuɗinsu ya ninka na batir sau da yawa.

Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada dinamo. Wannan dabara ta zamanin Fijo 504 ce. A motar yau, batir ne ke shanye hauhawar wuta, in ka cire shi wutar za ta faɗa wa kwamfutoci.

In za a jona waya daga wata mota, a yi amfani da wuraren da aka tanada a ƙarƙashin bonet, mai jan murfi da na ƙarfen jiki. A duba sau biyu kafin a haɗa, domin juya waya ko na ƙiftawar ido ne yana ɓarna. Kuma ba a jona waya a kan ƙaramin batir don tayar da inji.

Kada a ja motar da ta mutu a P da igiya. In babu wuta, giyar lantarki ba ta fita zuwa N, tayoyi a kulle suke. A fara ba ta wuta ta wuraren da na ambata, a saka N, sannan a tura ta kan motar ɗauka. Mai 4MATIC kuwa, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja, a ɗora ta gaba ɗaya, kada a bar biyu a ƙasa.

Ga masu filin sayar da motoci, al'adar tayar da kowace mota da safe na minti biyar a kunna esi a kashe tana cin wuta fiye da yadda take mayarwa. Ko dai a fita da motar ta yi tafiyar rabin sa'a ko fiye, ko a jona mata caja mai kashe kanta in batir ya cika, sau ɗaya a mako biyu ko uku. A ajiye makullan motoci marasa buƙatar murɗawa nesa da su, domin in suna kusa motar ba ta samun barci sosai. In za a saka na'urar bibiya ko ƙarin sifiku, a kai wa wanda ya san aikin, domin su ne kan gaba wurin shanye batir da dare.

Yanzu na zo kan abin da ya sa muka zaɓi wannan batu a ranar bikin ƙungiya. Akwai wata ɗabi'a da ta shigo, ta kiran mai kwamfuta ya goge rubutun da safiyar ranar da mai saye zai zo. Rubutun zai ɓace na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci na sa'o'i kawai, sannan ya dawo, domin motar tana gwada batirin da kanta lokaci zuwa lokaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙaramin batirin nan kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta wannan motar ba. Wanda ya ɓoye shi ya sayar da sunansa a kan kuɗin da bai kai na taya ba. Mai sayen kuma ba zai tsaya a kan batir ba, zai fara tunanin me kuma aka ɓoye masa a inji da giya, ya faɗa wa 'yan'uwansa da abokan kasuwancinsa.

Mu kasuwancinmu na ƙetare iyaka a kan magana yake tafiya. Mutum yana Agadas ya tura miliyoyin sefa ga wanda ke Kwatano ya sayo masa motar da bai gani ba sai a hoto. Wani yana Kumasi, wani yana Garwa, wani yana Katsina, kuɗi da kaya suna wucewa tsakaninsu bisa yarda. Takardar kotun wata ƙasa ba ta cika aiki a wata ba, amma sunan mutum yana tsallake kowace iyaka ba tare da fasfo ba. In ɗaya daga cikinmu ya yi ha'inci, ba sunansa kaɗai ake kira ba, cewa ake yi 'yan ƙungiyar kaza ne.

Don haka ɓangarenmu yana gabatar wa shugabanni shawarwari huɗu.

Ɗaya, duk babbar motar da ɗan ƙungiya zai ɗauko, a auna batiranta biyu tun a filin da aka saye ta, kafin a biya, a ɗauki hoton mita da na dashbod inji yana aiki a tura wa mai kuɗi. In ƙaramin ya mutu, a canza shi a can bakin teku inda kayan gyara suka fi samuwa, kafin a kama hanyar Faraku da Kandi.

Biyu, a ƙara layi biyu a takardar cinikinmu: ranar da aka auna batira da abin da suka nuna, da ko an canza ko ba a canza ba. In mai sayarwa bai canza ba, ya faɗa, a rage kuɗin. Babu laifi a sayar da abu mai aibi in an bayyana aibin.

Uku, kowane reshe ya sayi na'urar gwajin batir ɗaya da caja ɗaya mai kyau daga asusun reshe, a ajiye a ofis, kowane ɗan ƙungiya ya yi amfani da su. Rigimar mota ɗaya da aka kauce wa ta biya kuɗinsu.

Huɗu, masu kayan gyara a cikinmu su haɗa oda ta waɗannan ƙananan batira, kaɗan-kaɗan a kai a kai, domin kada su tsufa a shago, kuma direban da ya maƙale a Gaya ko Dosso ya san wanda zai kira. A kuma zaɓi matasa biyu ko uku daga yaranmu a tura su koyon gyaran wutar motocin zamani. Tun 2017 Marsandi ta fara fitar da motoci masu ƙarin batir na bolt 48, kuma sun fara isowa kasuwanninmu. Gara mu tanadi masu gyaranmu tun yanzu.

Ga wanda zai sayi mota don kansa, in ka je dubawa, kada ka yarda a tarbe ka da inji yana aiki. Ka ce a kashe, ka tayar da hannunka, ka karanta duk abin da ya fito a dashbod, ka yi tafiya da ita ta minti ashirin ko fiye, ka kashe ka sake tayarwa. Sannan ka tambayi mai ita kai tsaye: batir nawa ne a motar nan, kuma yaushe aka canza ƙaramin? Amsar da ya ba ka za ta nuna maka ko ya san hajarsa.

Masu gyaran wuta na ɓangarenmu suna nan waje da mita da na'urar gwaji har ƙarshen taro. Duk wanda ya zo da babbar mota, ya kai a auna masa kyauta kafin ya kama hanya.

 Allah ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mana hanya.